Goma Cikin Ashirin

An kira mu lise ranar Asabar,
mu iyaye, a kan bencin 'ya'yanmu.
Gwiwata ta ƙi shiga ƙarƙashin tebur.
Wani yaro ya sassaƙa sunansa a katakon da reza,
na bi shi da yatsa, ban san ɗan wa na shafa ba.

Malamin lissafi ya miƙe, alli har gira,
ya ja Faransanci mai tsawon gadar Binuwai.
Habsatu ta sunkuyo kunnena:
"Baba, ya ce jarrabawa saura sati biyu."
Na ce, duk wannan?
Ta ce, "Da kuma mu riƙa kwanciya da wuri."

Shekara talatin ina sayar da albasa a kasuwar Garwa,
na san buhun da aka rage wa baki.
Na yi shiru.

Boko ban yi ba, amma lamba ba ta da yare.
Na ga goma a allo, an ja layi, ashirin a ƙasa.
Rabi ke nan, rabi kawai suke nema!
A rumfata in rabin buhu ya ruɓe sai salati,
a nan rabi shi ne tudun tsira.
Zangon da ya wuce takwas da rabi ta kawo,
da jan biro, kamar an yanke ta a takarda,
kuma wai lissafi sau huɗu ake ƙirga shi,
faɗuwa ɗaya, ƙugu huɗu.

Da muka koma gida na kafa doka.
Dudu, a daina aikenta niƙa.
Sali, jarkar ruwa ta dawo kanka,
kumbura baki ba ya cika randa.
Rediyona ma na kashe, ni da labaran dare
muka yi sallama kamar masu bashi.

Zafin Maris bai san da doka ba.
Wuta ta ɗauke tun magariba,
aka ce ruwan Lagdo ne ya ja baya.
Na riƙe mata tocila a tsakar gida,
gumi yana ɗiga a takarda, tana gogewa da gefen mayafi,
tana yi wa wasu haruffa tambaya, suna ƙin amsawa.
Sau uku bakina ya ɗauko "in kika sake faɗuwa",
sau uku na haɗiye.
Albasa ba ta ƙara girma don an tone ta an duba.

Daren jajibiri ta rufe littafi, ba ta dube ni ba.
"Baba, rannan ban faɗa maka duka ba.
Cewa ya yi, kada ku tari yaro da nawa ka ci,
ku tambaye shi me ya gagare ka.
Na ji nauyin in koya maka magana."

Tocila ta yi rawa a hannuna.
Can wani babur ya wuce, kare ya raka shi.
Na ce, to, Habsatu, me ya gagare ki?
Ta buɗe shafi, ta nuna wani zane mai kusurwa uku,
ta shiga yi mini bayani, ni da ban san kansa ba,
tana cikin yi ta tsaya,
ta ce, "Au!"
ta fizgi biro.

Da safe biro biyu, shuɗi da shuɗi,
dala ashirin ta ƙosai a ƙulle a bakin mayafi.
Uwarta ta tofa mata addu'a a ka.
Na tsaya a ƙofa har farar rigar ta sha kwana.

Yau a rumfa sau biyu na ɓata canji.
Wata mata ta dawo mini da dala goma,
ta ce, Malam Ɗanjuma, lafiya?
Na ce lafiya lau,
ana auna mini wani abu ne a wani wuri,
kuma ba ni ke riƙe da mudun ba.