Jirgi Na Hannu

Buhun shinkafa goma sha tara na sayar,
da raguna uku, da tsohon babur ɗin Ilu,
na sayo jirgi mai inji
a hannun wani mai ɗiban yashi a Wudil.
Ya ce shekararsa shida. Na ce to.
Tsatsar gindinsa ta ce goma sha biyu.

A haƙarƙarinsa an rubuta "Sai Haƙuri" da shuɗin fenti,
rabin haƙurin ya kankare.

Da tirela ya zo, mai taya biyu,
ɗaya ta fi 'yar'uwarta tsufa.
Na ari a-kori-kurar Haladu, na ɗaura ta a baya,
na ce bari in yi ribas zuwa bakin ruwa.
Na karya hagu, ta nufi dama.
Na karya dama, ta faɗa albasar Malam Sabi'u.
Masu wanki suka ajiye sabulu,
yaran Marma suka hau kan tudu suna ƙirga mini,
sai a na tara taya ta taɓa ruwa.

Ba wanda ya gaya mini akwai rami a gindin jirgin,
da ɗan toshi nasa na roba.
Muna tsakiyar gulbi na ji sanyi a idon sawu.
Da ƙwaryar furar Tabawa muka kwashe,
Ilu na dariya, ni ina salati.
Yanzu toshin a wuyana yake kwana, kamar laya.

Injin kuwa dattijo ne, ba a tashinsa da garaje.
Da asuba sai ka matsa masa robar mai har ta yi tauri,
ka ja igiya sau biyu, ya yi tari,
ka dakata, ka bar shi ya gama tunani,
a ta uku ya amsa.
In ka rage masa baƙin mai a fetur, ya yi fushi.
In ka cika, ya turnuƙe ka da hayaƙi
ya jiƙa fulogi, ku wuni a nan.

Shekara talatin ina tura kwalekwale da gora.
Inda na so, nan kafaɗata take kai ni.
Wannan kuwa, in gabas kake so, tura hannunsa yamma.
Halinsu ɗaya da tirelar,
kamar gida guda suka tashi.

Kacala ta shaƙe farfela jiya wajen Likori.
Na tuɓe riga, na shiga da wuƙa,
ina yanka ina ba shi baki,
matsattsaku biyu suka bi ni har cikin jirgi.

Amma ranar kasuwar Guri
na loda buhu ashirin da mata shida da akuya,
muka isa ba a gama kafa rumfuna ba.
Tafiyar da kan ci mini hantsi har azahar.
Tabawa ta ƙirga kuɗin sau biyu, ba ta ce komai ba,
da dare miya ta yi nama.

Tirelar, na bar wa shanun noma.
Su ba su san ribas ba,
gaba suke shiga har ruwa ya kai musu ƙirji,
jirgin ya taso da kansa.
Haladu ya ce abin kunya ne. Albasa dai ta huta.

Abin da ban saba da shi ba har yau, ƙarar.
Ba na jin tarwaɗa in ta juya a cikin bado,
ba na jin sallamar masunta,
sai dai in ga baki na motsi, in ɗaga hannu.
Tsohon kwalekwalena na kife a gindin giginya,
kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashinsa.

Gorar ce ban bari a gida ba.
Shekaranjiya mai ya ƙare mana gab da magariba,
na miƙe, na kafa ta a laka.
Jirgin ya yi nauyi, bai san ta ba,
amma ya bi.
Kirinjijiya suka wuce ta kanmu suna fito,
Ilu ya ce, Baba, ashe suna nan.