Kuɗin Duhu

A bangon zaurena a Yelwa akwai wata ƙusa,
ba ta riƙe hula, ba ta riƙe carbi,
takardun wuta kawai nake soka mata
wata bayan wata, har ta sunkuyar da kai
kamar tsohon da ya gaji da magana.

Dubu goma sha takwas, in ji ta watan jiya.
Na ƙirga daren da ƙwan ɗakina ya buɗe ido:
shida, sai wani rabin dare
da wutar ta leƙo kamar mai bin bashi a gidan makoki,
ta yi sallama tun kafin ta zauna.

Yaron da ke kawo takarda ba ya neman mita,
ya san ba mu da ita.
Rufin kwano yake kallo, ya kalli tsohon babur,
ya auna ni da ido kamar ragon kasuwa,
ya rubuta son ransa a ƙarƙashin sunana.

Ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya:
ruwan nan da ake murzawa ya zama wuta a Kainji
shi ya haɗiye tungar kakana,
da tsamiyarsa, da kushewar uwarsa.
Mun ba da ƙasa, an ba mu duhu,
yau kuma kuɗin duhun ake nema a wurina.

Kulu kuwa ta koyi jin tukunyar gas da hannu,
ta ɗaga, ta girgiza, ta kara kunne.
Wake tun dare take jiƙa shi, ta jefa kanwa,
ta rufe ruf, ba mai leƙawa,
tuwon yau da miyar gobe a zama guda.
Ran da gas ya ƙare shinkafa na rabin nuna
ta hura gawayi tana tari, ba ta ce uffan ba.
Shirunta ya fi hayaƙin shiga idona.

Sai na sayar da tunkiya mai ciki,
ita ta kwashi adashinta,
muka kira Arzika, ɗan ƙanwata
da ya koyo haɗa waya a Jega.
Faranti biyu baƙaƙe, batir ɗaya mai nauyin jaki,
ya hau kwano ba takalmi, kwanon na ƙuna.

Nomau maƙwabcina ya leƙo ta katanga:
me kake shanyawa a sama, kifi ko kuɓewa?
Na ce ba shanya ba ce,
tarko ne na ɗana wa rana.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ba ta ɗaukar dutsen guga.
Firiji kuwa, Arzika dariya ya yi.
In hadari ya kwana biyu bai sauka ba
fanka na juyi kamar mai azumi da la'asar.
Tantabarun Nomau sun mai da farantin masai,
ni ke hawa da tsumma duk Juma'a,
gwiwa na ƙara, Kulu na riƙe da tsani tana faɗa.
Batir ma, an ce, yana da nasa kwana.

Amma Tumba na karatun jarrabawa har sha ɗaya
ba ta ƙona gira a fitilar kwalba,
waya biyar ta maƙwabta na shan caji a tabarma,
har da ta Nomau, mai baki,
wanda yanzu yake tambayar farashi a hankali
yana sosa ƙeya a gabana.

Shekaranjiya yaron ya dawo da tsani da almakashi,
ya ce umarni ne, za a yanke.
Na ce bismilla. Ni na riƙe masa tsanin,
na ba shi ruwan randa da ya sauko.
Ya daɗe yana kallon sama,
ya ce, Baba, nawa ka kashe? Mu ma duhu ne gidanmu.
Na faɗa masa. Ya rubuta a bayan takardata,
ya tafi da ita, ya bar ni da ƙusa.
Tsumman gogewa na rataya mata,
bai bushe ba tukuna.