Basilla da Waya

Shekara arba'in ina zaune a shiyar Madunka,
fatar jan akuya a gwiwa, basilla a hannu.
Ubangidana da ranƙwashi ya koya mini:
ido inda tsini yake, baki a rufe.

Yau ga Sahabi, ɗan ƙanwata, a gefena.
Hannunsa na da kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba.
Sai dai ya jingine waya jikin kwanon kuloko,
ta yi tsuwa, ya ɗago,
ta yi tsuwa, ya yi dariya shi kaɗai
kamar wanda aka yi wa raɗa daga sama.
Ɗinki uku, leƙe ɗaya.
Ɗinki biyu, leƙe ɗaya.

Ran Talata ya yanka fatar tumtum a karkace,
fatar da majemi ya sha warin bagaruwa a kanta.
Na ce, "Mi kaka kallo?"
Ya ce, "Kawu, wasu na ka gardamar ƙwallo a Kano."
Kano!
Fata ta mutu a Sakkwato
kan faɗan da ba a gayyace mu ba.

Na rantse sai na jefa ta rijiya.
Ban jefa ba. Bazara ta danne kasuwa,
ko ƙuda ya nemi inuwa,
kwana shida ba wanda ya taya ko kube.

Ran na bakwai ya miƙo mini ita:
wata Hajiya a Fatakwal ta ga hoton jakarmu,
tana son sha biyu, kuɗi har sun shigo.
Na duba. Jakata ce, ɗinkina ne,
har da gefen da basilla ta soke ni
na goge jinin da babban yatsa.
Ban ce uffan ba. Na ci gaba da tauna goro.

Yanzu akwai sharaɗi tsakanina da shi:
daga hantsi zuwa azahar
tana cikin tsohuwar tukunyar karan dafi,
an rufe da faifai.
In an yi la'asar ya fiddo ta, ta yi mana talla.

Jiya na ji ta tana gurnani ƙarƙashin faifan.
Sahabi bai ɗago ba,
ɗinkinsa ya miƙe kamar hanyar Illela.
Ni ne na tsaya, basilla a sama,
ina cewa a raina: ko Hajiyar ce?