Kowace Wasiƙa da Mazauninta

Ƙarfe bakwai na isa, ƙanƙarar daren jiya
ba ta gama narkewa ba a bayan gidan waya.
Wasiƙu dubu uku na kinkimo,
na ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan kuza,
rabi a buhun shinkafa, rabi a kwalin taliya,
ina taƙamar na yi dabara.

Baba Dalyop ya dubi buhun, ya dube ni,
ya ɗora kofin shayinsa a kan sikeli.
"Sallau, dankali ka kawo mini daga Farin Gada?
Kwance mu gani."
Na kwance. Na ƙasa sun lanƙwashe kamar ganyen kabeji,
gindin kwalin ya sha ruwa a Gangare,
tawada ta zubo da hawaye,
sunan wani mutum ya narke, sai "Mal" ya rage.

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.
Tire ya jawo, dogo, na roba, gefensa ya sha hannu.
"Ƙananan ambulan nan suke zama,
a tsaye, fuska ɗaya, kamar sahu.
Kada ka matse su har su kasa numfashi,
kada ka sake su su kwanta a kan juna.
Manyan nan masu faɗi, akwati ne nasu,
a kwance, ba a naɗe takardar dattijo.
Buhu kuwa na ƙunshi ne, mai jure jifa,
kuma buhunmu, ba na 'yan hatsi ba."

Muka zauna rabo.
Bukuru nan, Barikin Ladi can,
Mangu, Pankshin, Shendam mai nisa,
hamsin-hamsin, roba biyu a gicciye.
Yatsuna suka ƙage don sanyi,
shi kuwa nasa na tafiya kamar mai jan carbi,
ba ya ko duba, yana ba ni labarin wani direba
da ya kai jakar Langtang har Lafiya
don an ɗaura mata takardar da ba tata ba.
"Abin da ka rubuta a wuyan kaya
shi ne bakinsu. Su ba sa magana."

Wajen azahar, a damin Bukuru,
hannuna ya tsaya.
Malam Tanimu Mai Wanki, Layin Makera.
Kakana.
Shekara huɗu ke nan da muka kai shi makwanci,
da tarin da ya kwaso a ramin kuza,
ga shi ana gayyatarsa taro ranar Asabar,
ya zo da katinsa da hoto biyu.

Na ce, "Baba, wannan ba mai karɓa."
Ya karanta, ya jima, ya miƙo mini.
"Ba a nan ake yanke wannan ba.
Akwai wanda zai buɗe ƙofa a gidan?"
Na ce kakata tana nan.
"To, tana da haƙƙin ta ji an tuna shi."

Na share damshin gefenta da hannun rigata,
na tsayar da ita a tire, tsakanin Tanko da Tongrit,
fuskarta na kallon inda sauran ke kallo.
Muka rufe, muka ɗaure, muka auna.
Kilo tara da ɗan ɗoriya.
Baba ya rubuta Bukuru da manyan baƙaƙe,
ya ɗauki shayinsa da ya riga ya huce,
ya ce in kwashe buhun shinkafata
kafin wani ya gani.