Takardar Ƙunshin Banda

A Bilanguwa, ranar kasuwa,
na sayi bandar tarwaɗa ta sefa ɗari biyar.
Ashta ta yago shafi daga wata tsohuwar kalanda,
ta ƙunshe, ta ɗaure da zaren buhu.
Ba ta dubi takardar ba,
hankalinta na kan canji da ƙudaje da gushewar inuwa.

Sai a gida na warware.
Man kifi ya cinye rabin sararin sama,
ya bar mata uku a gaɓar wani teku,
zanen gawayi, baƙi-baƙi, kamar an yi shi da sauri
kafin hannu ya daskare.
Fararen kallabi, takalman katako,
duk sun duƙa, duk sun ba ni baya,
suna jan wani abu mai nauyi daga ruwa.

Ɗana Tanimu, mai zuwa lakwal,
ya bi rubutun Faransanci da yatsa:
masu kwasar ciyawar teku, in ji shi,
shekara ɗari da wani abu ke nan.
Na ce, wa ya zana?
Ya ɗaga takardar saitin fitila, ya ce, Baba, mai ya ci sunan.
To su matan fa?
Su dama ba a rubuta ba,
babu abin da mai zai ci, babu abin mantuwa.

Ni ban taɓa ganin teku ba.
Tafkin da na sani ja da baya yake yi,
inda kakana ya jefa taru yau masara ake shukawa.
Amma na san wannan duƙawar.
Haka Gwaggo Lantana ta duƙa shekara arba'in a bakin Shari,
har ranar da aka miƙar da ita
sai da aka yi lallashi da ƙasusuwa.

Haushin mai zanen ya kama ni.
Ka zo da rigar sanyi da allonka, ka zauna kan dutse,
ka kwashe bayan mutane ka kai birni,
aka rataye a ɗakin da ba ya ƙarni.
Ko sannu ka yi musu?
Ko ka tambayi ta hagu 'ya'yanta nawa?

Washegari na mayar wa Ashta takardarta.
Ta goge hannu a zane, ta daɗe tana kallo.
Ta ce, kwandon nan ba gammo, wuya zai gaya mata da dare.
Ta ce, ta tsakiyar ciki gare ta, wata huɗu ko biyar,
dubi inda ta dafe ƙugu.
Ni da Tanimu mun kwana da takardar nan
ba mu ga jaririn ba.
Ta miƙo mini, ta ce wuta na cin karfasa,
ta koma cikin hayaƙi, tana tari, tana juyawa.

Tanimu ya tsinci gawayi a gindin murhu,
ya sami bangon rumfa.
Na ce, fara da fuska, yaro, kada ka yi irin ta Bature.
Ya kira ta. Ta ɗago,
ƙiftawar ido ɗaya, ta sake duƙawa.
Ya sake kira, ta ce in hoto yake so ya zo ranar Salla.
Ya jira har la'asar ta yi sanyi,
gawayin na narkewa cikin zufar hannunsa.
Daga ƙarshe ya ja layi guda, lanƙwasasshe,
daga wuya zuwa ƙugu,
don shi kaɗai ya yarda da tsayuwa.

Na yi shiru.
Na ninke takardar, na sa a aljihun gaba.
Ta kwana uku tana ba rigata warin banda,
kyanwar maƙwabta tana bi na har masallaci.
A ƙasan layin Tanimu dai na sa ya rubuta Ashta,
da manyan baƙaƙe, can sama da inda damina ke kawo ruwa.