Mai Rabo

Mu biyar ne, a saman shagon taya a Gawon Nama,
ɗaki ɗaya, fanka biyu, ɗayar ma gurguwa.
Manhaja muke saƙa wa dillalan albasa,
ta ƙirga buhu, ta riƙe bashi, ta tuna ranar biya.

Dokarmu ɗaya tun farko:
abin da hannunka ya rubuta ba ya shiga rumbu
sai idon wani ya bi shi layi-layi.
Laifi tudu ne, ai.

Ni ke rabon dubawa.
Kowace safiya, kafin shayi ya huce,
sai in ce wane, ɗauki na wane.
Na zaci adalci nake yi.
Ashe duk mai kauri Modi nake jibga wa
don shi ba ya gunaguni.
Ashe ban sake haɗa Sanda da Dikko ba
tun ranar cacar baki kan kuɗin man janareta.
Luba, da ta zo bara,
gyaran waƙafi kawai nake miƙa mata.
Nawa kuwa?
Nawa sai dab da magariba nake kai wa wanda ya fi gajiya,
ya ce "ya yi" yana laluben takalmi.

Wata Talata Modi ya rufe kwamfuta a hankali.
"Jabbi, wanga rabo naka
awa kason mahauci:
ƙashi dut wuri guda."

A daren aka kawo wuta sha ɗaya saura.
Na zauna har kiran assalatu,
layi arba'in da 'yan kai.
Na ce masa kada ka mayar wa mutum nasa,
dubi wanda kayansa ba su yi nauyi ba,
sauran ka bi zagaye kamar kwasar adashe.
Da gari ya waye Dikko ya raɗa masa suna:
Mai Rabo.

Ba shi da ɗan ɗaki.
Bai san wa ya girmi wa ba, bai san kara ba.
Ranar farko ya ɗauki aikin Sanda
ya ajiye gaban Dikko.
Gyara goma sha biyu, kowanne a bushe kamar kilishi,
a na sha uku aka rubuta "madalla".
Da azahar na gan su
hannu biyu cikin ledar hoce ɗaya.

Ranar Alhamis nawa ya faɗa hannun Luba.
Ta daɗe tsaye bayan kujerata
tana murɗa gefen gyale.
"Yaya Jabbi, layi na tamanin da bakwai.
In buhu ya ruɓe a hanya,
bashin ninkuwa yake, ba raguwa ba."
Wata huɗu ɓarakar na kwance,
idanu uku sun tsallake ta.
Zufar da ta karyo mini ba ta bazara ba ce.
Na ce, na gode.
Kalmar ta fito da ƙyar, kamar guga daga rijiya mai zurfi.

Amma Mai Rabo lissafi ya sani.
Daren da aka kwantar da mahaifiyar Modi,
ya ga teburinsa fayau
sai ya aika masa guda uku, ƙarfe biyun dare,
wayar na ƙara a barandar asibiti.
Da safe na kwashe su da hannuna,
na ƙara maɓalli ɗaya: "Yau a tsallake ni."

Har yanzu Modi bai taɓa danna shi ba.
Ba zai danna ba, na san shi.

Don haka na'ura na rabonta,
ni kuma in na hau bene
kafin in kunna komai
fuskoki nake fara dubawa:
wa ya yi barci, wa bai yi ba.
Jiya na danna wa Sanda ban gaya masa ba.
Ya ɗago, ya kalle ni,
ya turo mini sauran shayinsa.