Rabin Cokalin Gishiri

Ƙarfe uku na dare a Pitsmoor,
ruwan sama na ƙwanƙwasa tagar kicin kamar mai bin bashi.
Lawwali na kan hanyar Hull da motar kaya.
Daga ni sai Hindatu,
wadda tun magariba cikinta ya tsinke,
leɓe ya bushe, kuka ba hawaye.

Na tafasa ruwa, na bar shi ya huce.
Lita ɗaya.
Sukari ƙaramin cokali shida, a shafe.
Gishiri rabin cokali, kada ya wuce.
Hannuna na rawa, na zubar, na sake awo.

Ga littafin da zan yi jarrabawarsa ran Litinin
a buɗe kan tebur, shayi ya ɗiga a gefen shafin.
Mako uku ina haddar zanen nan kamar karatun aku:
kowace ƙwayar halitta da tantaninta,
katangar maiƙo ce, ruɓi biyu,
ta fi fatar albasa sirantaka sau dubbai.
Iskar da muke shaƙa ba ta sallama, ratsawa take yi.
Amma gishiri, da ya narke ya rabu biyu,
kowane ɓari da cajinsa a ka,
maiƙo ba ya karɓar baƙo mai irin wannan kaya.
Sai ta ƙofa.

Malama Pritchard ta faɗa mana a aji,
tana buga allo da murfin alƙalami,
wai a bangon hanji akwai wata ƙofa mai taurin kai.
Sukari ya zo shi kaɗai, ta ƙi.
Sai sodiyam biyu sun riƙo hannunsa
kafin ta juya ta zuba su ciki.
Ruwa kuwa ba ya shawara,
inda gishiri ya sa gaba nan yake bi.
Na rubuta, na ja layi, ban ji komai a raina ba.

Yanzu ga ni durƙushe gaban kujera,
cokali a bakin 'yar shekara biyu.
Haɗiye, uwata. Ɗaya.
Ta kau da kai, ta tofar, ya bi wuyan riga.
Na jira. Na sake.

Inna ba ta taɓa jin sunan sodiyam ba.
A kwalbar lemo take haɗa nata a Funtuwa,
ta ɗanɗana a harshe, ta ce in ya fi hawaye zartsi a zubar.
Da shi ta tashe mu, mu bakwai.
Ni ce sai da na ƙetare teku
kafin a nuna min ƙofar da take ƙwanƙwasawa.

Can bayan ƙofar kuma akwai famfo,
ba ya barci, ba ya hutun Lahadi:
uku waje, biyu ciki,
uku waje, biyu ciki,
yana kwarfe sodiyam kamar mai kwarfar ɗaki da damina,
don na waje ya sami wurin gangarowa.
Da abincin da ta ci jiya ake biyansa lada.
Na kara kunnena a cikinta ko zan ji motsinsa,
sai ƙugi kawai.

Cokali na arba'in da wani abu, lissafi ya ɓace min.
Lambar asibiti na rubuce a bayan hannuna,
na ce in biyar ta buga ba canji, mu tafi.

Biyar saura kwata ta motsa,
ta tsuke fuska, ta buɗe baki da ƙara,
sai ga hawaye, guda biyu, manya,
suna gangarowa zuwa kunne.
Ban taɓa murnar kukan yaro haka ba.
Na sa yatsa na ɗauki ɗaya, na kai harshe.

Motar shara ta shigo layinmu tana nishi.
Na rufe littafin,
na ɗauraye cokalin,
na ɗora wani ruwan a wuta.